Ƙwaryar Man Shanu

Ni ban yi boko mai nisa ba. A aji huɗu na tsaya, ɗan rubutun da nake yi yanzu ƙanwata ce ta ƙarasa koya min a tsakar gida bayan ta girma ta fi ni. Mu biyu muka rage a ɗakinmu, ni ce ta fari ita ce ta ƙarshe, tsakaninmu shekara goma sha ɗaya da kaburbura uku. Har yau Auta nake ce mata, ko da yake furfura ta cika mata kai, ita kuma ta ce min Yaya.

Kakanmu Babarbare ne. Haƙar kuza ce ta kawo shi Jos, shi ya gina gidan da nake zaune ciki a bayan kasuwar Farin Gada. Tun da maigidana ya rasu na dawo nan, kuma ni ba mai yawo ba ce, sai in yi wata biyu ban taka titi ba. Daga tsakar gida nake jin manyan motoci suna sauke kabeji da karas, 'yan dako suna zagin juna cikin wasa, daga muryar mutum kawai nakan gane ko ciniki ya yi ko bai yi ba. Kunne dai Allah Ya ba ni. Ya kuma haɗa min da baki, wanda da Ya rage min shi da ya fi min alheri.

Na daɗe ban gane aikin Auta ba. Malamar makaranta ce da farko. Bayan rikicin da ya raba garin nan gida biyu, kowa ya kwashi kayansa ya koma unguwar masu addininsa, sai ta ajiye alli ta shiga wata ƙaramar ƙungiya, suna bi gida-gida suna sauraron matan da aka kashe wa maza. Daga nan wata gidauniya ta ɗauke ta. Ta fara da karanta takardun masu neman tallafi, ta koma mai shiga ƙauyuka ta gani da ido, a hankali a hankali har ta zama ita ce shugaba, direbobi suna ce mata oga, tana zuwa ƙasashen da ban iya faɗin sunansu ba. Wata rana ta ji ina gaya wa maƙwabciya wai Auta rabon sadakar Turawa take yi. Ta bari sai da matar ta fita.

"Yaya, ba sadaka ba ce," ta ce. "Akwai mutanen da aka danne, sun tashi da kansu sun haɗa kai suna neman haƙƙinsu, amma ko kuɗin motar zuwa kotu ba su da shi. Mu namu mu nemo su, mu tsaya a bayansu. Su ne masu aikin, ba mu ba."

Na ce to, na ji. Ban daina cewa sadaka ba, sai dai na daina a gabanta.

Abu ɗaya ne kowa ya san ta da shi: ba ta karɓar komai daga hannun kowa. Da mutane suka gane ofis ba ya shiguwa da kaya, sai suka gano gidana. Buhun dankali, jarkar zuma, turmin atamfa, kaji a ɗaure, duk sun shigo zauren nan sun koma yadda suka zo. Ni na zama mai gadinta, kuma na iya, nakan mayar da mutum da kayansa yana dariya. Akwai shekarar da wani ma'aikacinta ya karɓi ragon layya daga wata ƙungiya. Ta sallame shi. Matarsa ta zo nan da goyo ta durƙusa min tana kuka, ni ma na yi kuka, na roƙi Auta har na haɗa ta da kabarin mahaifiyarmu. Ta ce, "Yaya, in na bar shi, wanda ba shi da rago ya shiga uku." Sati biyu ban yi mata magana ba.

To, sai Goggo. Bafulatana ce daga wata ruga can gaba da Vom, ta girme ni kaɗan, ta fi shekara ashirin tana kawo min nono Litinin da Alhamis. Tun daga zaure za ka ji ta.

"Ina baiwar tawa? Babarbariya, fito ki sauke uwargijiyarki!"

"Shigo, 'yar daji," in ce mata. "Yau ma ruwan rafi kika kawo mana ko akwai ɗan nono a ciki?"

"Bakin da ya saba da kanwa ina ya san daɗin nono?"

Haka muke. Ta zauna ta miƙe ƙafa, in dama mata kunu, ta ba ni labarin daji in ba ta na gari. A shekarun nan duka ba ta taɓa roƙona ko allura ba.

Ita ta fara gaya min maganar rafin. Rafi ɗaya ne rugarsu take sha da ƙauyen manoman da ke gefensu, shanu daga ƙasa, lambu daga sama, tun zamanin kakanni. Sai ga wani mai hali da takardu, wai daga rafin har gindin dutse nasa ne, ya saya. Maza suka tsaya kallon juna, kowane ɓangare yana zargin ɗaya ne ya sayar. Mata ne suka haɗu. Shugabar matan cocin ƙauyen, wadda kowa ke ce wa Mama, ita ta taka har ruga ta ce wa Goggo, "Ruwa bai san coci ba, bai san masallaci ba, in ya tafi ya tafi mana duka." Suka kafa ƙungiya.

Na kai wa Auta labarin a bakin murhu. Ta ce su cika takarda kamar kowa. Ta kuma gaya wa kwamitin gidauniyar tun farko cewa ɗaya daga cikin matan tana sayar wa yayarta nono, suka ce saye da sayarwa ba laifi ba ne. Aka tura mutane suka duba, aka ba su tallafi, suka ɗauki lauya. Ranar Auta ta ja min kunne.

"Daga yau ko gyara kar ki karɓa a wurin Goggo. Abin da ta auna, ki biya."

Shekara biyu ana shari'a. Mama takan biyo Goggo wani lokaci in sun fito daga kotu, ta zauna tana fifita da ɗankwali tana yabon Auta da Hausarta mai mayar da mace namiji, tana cewa, "Madam ya yi mana ƙoƙari, Allah zai biya shi." Goggo ta kalle ni ta gefen ido, mu danne dariya. Ba a kada su ba, ba su ma ci ba, amma shanu suna shan ruwa, lambu yana kore.

Sai iska ta juya daga can inda kuɗin ke fitowa. Ban san me ya faru a ƙasashen nan ba, na dai ga Auta tana zuwa cin tuwon Juma'a tana sa loma biyu ta ture kwano. Ta ce masu bayarwa suna janyewa, ƙungiyoyin da suke riƙe da su da yawa, kaɗan za a iya ci gaba da su, kwamiti zai zauna ranar Talata ya zaɓa. Na ce su Goggo fa? Ta ce, "A takarda ba su da ƙarfi. Amma ina da abin da zan faɗa a kansu, na shirya."

Ranar Alhamis kafin Talatar, an kwana ana ruwa, gari ya yi sanyi. Goggo ta shigo ba wasa ba tsokana. Ta auna min nono, na biya ta. Sannan ta kwance wani ƙunshi ta fito da 'yar ƙwarya sabuwa mai zane, an rufe ta da faifai sabo fil, ja da kore. Ta ɗaga faifan. Man shanu ne curi-curi yana iyo a cikin nono, rawaya kamar gwaiduwar ƙwai, irin na tsakiyar damina.

"Wannan fa?" na ce.

"Na ƙanwarki ne," ta ce, idonta a ƙasa. "Mata suka haɗa, kowane ɗaki curi ɗaya. Su Mama ba su da shanu, su suka sayi ƙwaryar da faifan."

Na ji. Ba zan ce ban ji ba, ni da nake jin faɗuwar tsinke a zaure. Na ce, "To nawa zan bayar?"

Ta ɗago ta dube ni kamar na watsa mata ruwa. "Haka ake yi a garinku, Babarbariya?"

Wanda bai zauna da Fulani ba ba zai gane ba. Matar da ta shekara ashirin ba ta buɗe baki ta ce a taimake ta ba, ta bi ɗaki-ɗaki ta tattaro wannan, ta ɗauko shi a mota tun daga bayan Vom tana kare shi daga ruwa. In na tura mata ƙwaryar nan, ba za ta ce komai ba, za ta ɗaure kayanta ta yi min sallama, ba kuma zan sake ganin ƙafarta a gidan nan ba. Na ce a raina, ai mai ba rago ba ne. Mai abin miya ne, yau ne gobe babu. Na sa hannu biyu na karɓa, na yi godiya. Nan take fuskarta ta saki, ta ce kunun yau ya yi tsami kamar halina.

Da yamma na wanke man na soye shi da albasa, ƙamshi ya cika gida har maƙwabta suna leƙowa.

Washegari bayan an sauko daga masallaci Auta ta zo. Na yi tuwon masara da miyar kuka, na zuba mata man nan ba ƙyashi. Ta yi loma, ta sake yi, ta ci abin da rabona da in ga ta ci an yi watanni.

"Yaya, wannan man fa? Rabona da irinsa tun Inna na da rai."

Da na ce na Goggo ne na yi shiru, ban yi ƙarya ba. Amma daɗin ganin tana ci ya kwashe ni, bakin nan nawa ya buɗe.

"Ai naki ne. Matan rugar ne suka haɗa miki, kowane ɗaki curi ɗaya. Ki ga ƙwaryar ma, su Mama ne suka..."

Hannunta ya tsaya tsakanin kwano da baki. Ta mayar da lomar cikin kwano a hankali.

"Kin biya?"

"Na yi tayi, ta ƙi."

"Ta ce nawa ne?"

"Ta ce naki ne."

Ta tashi ta je bakin rariya ta wanke hannu, ta daɗe tana wankewa. Na bi ta ina magana, na ce ranar Litinin in ba Goggo kuɗin ko da faɗa, na ce in juye sauran a kwalba in mayar. Ta ce an riga an ba ta, ta riga ta ci, saura kwana huɗu a zauna.

"Wa ya sani?" na ce. "Daga ni sai ke sai kwanon nan."

"Ɗaki nawa ne a rugar, Yaya? Mata nawa ne a cocin? Ba da mugunta ba, da murna za su faɗa, mun kai wa Madam mai ta karɓa. In aka ba su aka hana wasu, waɗanda aka hana za su ce mai ne ya yi aiki. Shekara mai zuwa kowa da ƙwaryarsa."

"To su ce mana! Bakin mutane ya taɓa kashe wani? Ruwan mutane fa ake magana."

"Mai ragon nan fa? In na haɗu da shi a hanya in ce masa me?"

"Shi da saninsa ya karɓa. Ke ba ki sani ba."

"Yanzu na sani."

Na ce mata taurin kai ne, na ce ta fi son a ce tana da tsabta a kan mutane su sha ruwa. Wannan maganar ta shige ta. Ba ta rama ba. Ta ɗauki jakarta ta ce, "Ba ke kika yi laifi ba, ni ce ban yi miki bayani yadda ya kamata ba." Wannan ya fi min zagi ciwo, don ta yi min bayani, ni na ƙi ji.

Dokarsu ita ce, duk wanda wani abu ya shiga hannunsa daga masu nema, sai ya rubuta ya sanar, in an zo kan maganarsu ya fita daga ɗakin, ba baki ba takarda. Ita ma ta sa hannu aka kafa dokar. Ta rubuta. Ranar Talata da aka zo kan su Goggo ta tashi ta fita ta zauna a bencin direbobi. Daga baya ta gaya min ko shayin da aka miƙa mata bai huce ba aka kira ta ta koma.

Waɗanda suka rage a ɗakin mutanen kirki ne, in ji ta, sai dai daga nesa suka zo, wani ma ta allon waya yake magana daga ƙasar waje. Abin da ke gabansu takarda ce: rahoto da Turanci mai rauni, babu hotuna, shari'a an ɗage an sake ɗagewa. Ita kaɗai ta san mai halin ne ke jan ɗagewar don matan su gaji. Ita kaɗai ta san an gano wani tsoho da ya yi aikin awo a wurin tun yana saurayi, zai ba da shaida bayan damina. Wannan ne abin da ta shirya faɗa. Ya zauna a cikinta a kan benci.

Aka cire su Goggo daga tallafi. Lauyansu yaron kirki ne, ya ƙara zaman kotu uku daga aljihunsa. Amma yana da iyali, aka kira shi aiki Abuja ya tafi. Auta ta bi abokanta har ta samo wani ya ce zai yi don Allah. Aikin don Allah kuwa sai abin da ya rage na lokaci. Sau biyu ana kiran shari'a ba ya nan, alƙali ya kori ƙarar. Tsohon mai awo bai taɓa shiga kotu ba.

Aka fara kewaye rafin da waya, aka bi da katangar bulo. Lambun su Mama ya bushe. Shanu kuma dole su sha ruwa, ruwan da ya rage musu sai wani tsohon kududdufin kuza, hanyarsa kuwa ta cikin gonaki ta bi, aka fara ɓarna, aka fara sare-sare. Matan da suke shiga mota ɗaya zuwa kotu suka koma ba sa gaisawa a kasuwa. Mama ba ta sake zuwa gidana ba. Goggo ta rage zuwa, sai Litinin kawai, daga baya ta ɗauke ƙafa.

Ba a yi shekara ba gidauniyar ma ta rufe ofishinta na Jos. Auta ta kwaso littattafanta ta dawo ɗakin mahaifiyarmu. Matar da jirgi ke jira ta koma zama a bakin taga tana kallon igiyar shanya. Wani lokaci cikin dare nakan so in tambaye ta, da za a mayar da ranar, za ta sake fita daga ɗakin? Ban tambaya ba. Ina tsoron ta ce e, ina tsoron ta ce a'a.

Wata safiya da hantsi na ji sallama a zaure, muryar da na sani amma ba ƙarfi. Na leƙa na kusa ban gane ta ba, don ban taɓa ganin Goggo ba ƙwarya a kai ba.

"Baiwata," ta ce, "uwargijiyarki za ta yi tafiya. Na 'yanta ki."

Maza sun riga sun kora shanu ta daji sun yi wajen Bauchi. Mata da yara suna cikin wata babbar mota a Tina Junction ana ɗaure kaya, ta roƙi direba ya ba ta awa ɗaya. Na shimfiɗa mata tabarma ta zauna a bakin-baki, ta ƙi kunu. Muka yi maganar hanya, da ciwon gwiwarta, da jikarta da ta haihu. Sannan ta matso, ta rage murya.

"Zan tambaye ki abu, ki gaya min tsakaninki da Allah. Man nan ya yi kaɗan ko?"

Na kau da kai wajen murhu.

"Na sani," ta ce. "Tun a lokacin na ce wa baban yara mu ba da karsana. Ya ƙi. Na ce masa mutanen birni ba sa ganin mai, ya ce ba zai taɓa garke don maganar mata ba. Ga shi yanzu garken duka yana hanya. Tun ranar da aka kori ƙarar nan ba na yi masa magana sai ta kama dole."

"Wallahi Goggo ba haka ba ne," na ce. "Man nan ma shi ne..."

Na tsaya. Ita ta bi ɗaki-ɗaki. Ita ta ɗauko shi cikin ruwa. In na ƙarasa maganar, da ita za ta hau motar nan, da ita za ta sauka a ƙasar da ba ta san kowa ba, ta kwana da ita har ta mutu. In na yi shiru kuma, mijin nata da bai yi komai ba shi zai ci gaba da ɗauka. Ni da ba a taɓa rasa magana a bakina ba, na zauna ina auna wa zan bar wa kayan, alhali nawa ne.

"Ba ita kaɗai ke yankewa ba," na ce. "Akwai manya a samanta, su suka hana."

Ta gyaɗa kai irin na wanda ya san lallashinsa ake yi. "Haka ne. Manya sai karsana."

Ta miƙe tana dafa gwiwa. Ta kalli ɗakin mahaifiyarmu, tagar a buɗe, labule a sake.

"Tana ciki?"

"Ta ɗan kwanta."

"Kar ki tashe ta. Ki ce mata ba mu riƙe ta da komai ba. Ta yi mana shekara biyu, wani ko kwana biyu bai yi ba. Mu ne ba mu iya ba."

Na yafa mayafi na raka ta har titi, na tsaya cikin hayaniyar masu tumatir sai da ta samu keke ta shiga. Ba ta waiwayo ba, Fulani ba sa waiwaye a irin wannan.

Da na dawo na ɗaga labulen. Auta tana zaune a bakin gado, ta sa hijabi, takalmi ɗaya a ƙafarta ɗaya a hannu.

"Ta tafi?"

"Ta tafi."

Ta dubi takalmin da ke hannunta, ta daɗe tana dubansa, sannan ta sunkuya ta cire ɗayan.